Gorar Sambo Mai Labari

A ƙauyen su Mamuda, can kudu da Rusairis, sunan yanka ba ya isar mutum, sai an liƙa masa wani abu. Shi nasa gado ya yi: ɗan Sambo Mai Labari. Mahaifinsa Sambo ya ƙare rayuwarsa yana cewa shi ma ya ga yaƙin Italiya, ya yi wa soja dakon kaya a hanyar Kurmuk yana saurayi, har ya samu gorar ruwa irin ta soja, ya bar ta a sansanin gindin dutse ranar da jirgin yaƙi ya tashe su a guje. Takarda babu, lamba babu. Da ya fara sai samari su haɗa ido, wani ya gyara zama ya ce, to Baba, sai jirgin ya yi yaya? A haka tsohon ya rasu, ana yi masa dariya cikin ladabi, wadda ta fi ta fili ciwo.

Mamuda manomin dawa da riɗi ne, mutum mara yawan magana, don ya ga inda magana ta kai ubansa. Shekara biyu ya yi a wajen haƙar zinariya a arewa, ya dawo ba ko ƙwaya, sai na'urar neman ƙarfe da kowa ke kira jihaz. Matarsa Sharifa ta ce a sayar, ya ce a'a. Tun daga nan, da an gama girbi, sai ya ɗaure ta a bayan jaki ya nufi dutse. Abin da yake kwasowa kuwa, Allah ya kyauta: kwanson harsashi, maɓallan tagulla, kan bel, rabin cokali. Sharifa takan ce ita dai ta auri mai tsintar shara, tana faɗa tana wanke masa su da toka.

Bai taɓa gaya wa kowa abin da yake nema ba, sai mutum ɗaya, Ustaz Yahya, shugaban makarantar ƙauyen. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka sha bulalar malam, shekara hamsin suna cin tuwo a kwano ɗaya.

A ranin shekara ta shida jihaz ta yi kuka a bakin wani busasshen rafi. Ya tona kamu biyu, sai ga gora ta alminiyam, ta lotse a gefe. Ya goge kafaɗarta da bakin riga, sai ga alama. Tsaga uku a tsaye, ɗaya ta gicciye su.

A ƙauyen kowane gida da alamarsa, wadda ake yi wa fartanya da lauje don kada kaya su cakuɗe ranar gayya. Ta gidan Sambo ita ce wannan, an kwaikwayo ta daga kuncin kakansu da ya taho daga ƙasar Sakkwato a ƙafa. Ko yaro ya gan ta ya san ta wane gida ce. Mamuda ya zauna a cikin yashi ya yi kuka, dattijo da furfurarsa.

A nan ya yi kuskuren da har yau yake jin haushinsa. Da ya bi ta dandali ya ajiye ta gaban dattawa, da magana ta ƙare. Amma ya san bakin ɗan Sambo ba shi da daraja a kan wannan zance, ya fi so mai ilimi ya faɗa a gaban taro. Sai ya naɗe ta a rawani, ko Sharifa bai nuna wa ba, ya kai wa Yahya. Yahya ya juya ta, ya daɗe yana kallon tsagar, ya ce a bar masa ya wanke, ranar bikin makaranta zai bayyana wa duniya.

Sati uku Mamuda yana tafiya kamar ango. Ranar bikin ya sa farar jallabiyarsa ta Idi. An zo da baƙi daga Damazin, an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ga gora a tsakiya tana ƙyalli. Ustaz Yahya, wanda a lokacin yake neman shugabancin kwamitin ƙauye, ya miƙe ya ce wannan gorar marigayi mahaifinsa ce, Alhaji Sa'id, wanda ya yi wa ƙasa hidima bai taɓa yin fariya ba. Ya kuma gode wa ɗan'uwa Mamuda mai jihaz da ya taimaka wajen tono. Aka tafa. Har da wanda ya dafa kafaɗar Mamuda.

Da taro ya lafa ya je ya ɗauki gorar. Kafaɗarta sumul, an bi ta da magagari, an goge da yashi.

Ya ce, "Yahya, ina tsagar?"

"Wace tsaga? Tsatsa ce, na kankare." Yahya ya rage murya, bai dube shi ba. "Yi haƙuri, ya akhi. In na ce ta Sambo ce, wa za shi yarda? Wanga abu shina son suna mai nauyi. Halas, shi ke nan, mu bar shi hakanan."

Mamuda ya duba jama'a. Yana iya ɗaga murya, amma ya riga ya ji amsar a kunnensa: to ɗan Sambo, sai jirgin ya yi yaya? Abin da ya fi ƙona shi, Yahya ya fi kowa sanin haka, don shi kaɗai ya taɓa gaya wa yadda kalmar take masa ciwo. Ya ajiye gorar a kan ƙyallen a hankali, ya fita.

Bai sake cin abinci da Yahya ba, jihaz kuma tana rataye a rumbu. Sharifa ce kaɗai ya ba labarin, a wannan yammacin, tana tankaɗe. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta yarda. Sannan, ba da mugun nufi ba, ta tambaye shi ko akwai wanda ya ga tsagar ban da shi.