Kawu Habu da Kasuwar São Paulo

Ku da kuka san Kawu Habu a unguwar Sparkhill ta Birmingham, ku faɗi tsakani da Allah, akwai wanda ya taɓa gaishe shi ya samu amsar mutane? Ka ce masa, "Kawu, an tashi lafiya?" sai ya ɗaga waya ya ce, "Ina fa lafiya, São Paulo ta kwana ja, Madrid tana tangaɗi." A kasuwar hannun jari, ja faɗuwa ce, kore tashi. Duk unguwar sai da muka haddace wannan, ba don muna so ba.

Ƙanin mahaifiyata ne. Ina rarrafe ya zo Birmingham yin digirin dakta a kan kasuwannin hannun jari na Brazil da Spain da Mexico. Na yi gemu, na biyo shi karatu, shi kuma yana nan a babi na ƙarshe, yana tuƙa tasi. Da zan taho Umma ta riƙe hannuna ta ce, "Ba na son tsarabar komai, Habu nake so in gani kafin in mutu." To kun ji aikin da aka ɗora mini.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wai hannun jari nawa ka saya?"

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Ni? In zuba kuɗina a wannan haukar? Kai yaron nan ba ka da hankali!"

Jama'a, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan abu ke nan!

Wata rana ya ɗauki wani ɗan Brazil a tasinsa a unguwar Perry Barr. Murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya dinga zuba masa bayanin kamfanonin ƙarfe da na man fetur, har suka wuce inda zai sauka. Bawan Allah ya ce shi fa wanzami ne, ƙwallo kawai ya sani. Kawu ya dawo gida ko abinci bai ci ba. "An yi asarar fasfo," in ji shi. "A haife ka a São Paulo, ka ƙare a aski!"

Ta Manchester kuwa kun fi ni sani, da yawanku kuna wurin. Sunan jaririn Malam Isa, aka ce Kawu ne dattijo, ya yi addu'a. Ya fara lafiya lau, Allah raya, Allah shirya, muna ta amin. Can sai muka ji, "Allah ka ɗaga Mexico, ka tsayar da Madrid da ƙafarta." Wallahi sai da muka shafa sannan muka gane abin da muka yi wa amin. Liman ya harare shi, Kawu ya ce, "To su ba bayin Allah ba ne?"

Duk ranar Juma'a Umma za ta kira. "Habu, yaushe?"

"Yaya, bari kasuwa ta nutsu in rufe babin nan. Ga akwatina ma a ɗaure."

Ba ƙarya ya yi ba, akwatin yana saman wardrop, ƙura ta yi masa rawani. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ran nan na fusata na ce, "Kawu, kasuwar nan ba za ta taɓa nutsuwa ba, kai ma ka sani!" Ya juya wayar a hannu. Ya ce, "Na sani. To in je in ce mata me? Dakta ta raka filin jirgi, direba zai sauko?" Ban sake tayar da maganar da faɗa ba.

Ranar Asabar ya rasu, kasuwanni duk a rufe. Ko a nan bai yarda wani abu ya wuce shi ba. A maƙabartar Handsworth muka binne shi.

Ni na kai wa Umma akwatin. Muka buɗe: atamfa wadda yayinta ya wuce tun tuni, turaren da ya ƙafe, sai wani ɗan takalmi ja da bai kai tafin hannuna ba, an rubuta sunana a ƙasansa. Umma ta rungume shi tana kuka, ta ce, "Wa ya ce masa dakta nake jira?"

Allah ya jiƙanka Kawu, ya yafe maka, ya sa ka samu nutsuwar da ka yi ta jira. Allah ya haɗa ka da Yayarka a inda ba a tambayar takarda. Amin.