Anti Babu-Canji a Gaban Allo

A danginmu kaf babu mai riƙon kuɗi irin 'yar kawunmu. Kowane jariri da hannu a dunƙule yake zuwa duniya, amma ita nata har yau bai buɗe ba. An ce ungozoma ta yi ta fama da yatsun nan har ta yi gumi, daga ƙarshe ta ce a bar ta, wataƙila akwai abin da ta ɓoye a ciki.

A aji huɗu ta bar makaranta, ba kuma don kanta ba ya ja ba. Lura ta yi cewa a cikin katanga biya ake yi, a wajen katanga kuwa karɓa ake yi. Kafin ta fita ma sai da ta karya fensirinta gida uku ta sayar wa 'yan ajinsu, kowane guntu a kuɗin sabo. Da ta girma ta yi aure, sai ta dawo ƙofar wannan makarantar ta kafa tebur, ta yi shekara goma sha tara a wurin.

Teburin ƙafa uku da rabi gare shi, rabin an cike shi da bulo. A kansa akwai kwalaben alawa, da cingam, da biskit, da balan-balan, da wata tsohuwar laima da ta daina tare rana tun tuni amma ba a sallame ta daga aiki ba. A ƙarƙashi kuma akwai aljihun tebur cike da 'yan canji, wanda ba a taɓa ganin ya buɗe a gaban yaro ba. In yaro ya miƙo kuɗi ya tsaya jiran ragowa, sai ta dubi sama ta ce, "Babu canji, ɗauki alawa." Daga nan yara suka sa mata Anti Babu-Canji. Waɗanda suka fara kiran ta haka yanzu 'ya'yansu ne ke kira.

Wannan tebur shi ke riƙe da gidan. Mijinta gyaran fanka yake yi, mutum ne mai haƙuri da ƙarancin magana, kuma fanka ba kullum take lalacewa ba.

Ana nan sai ga wasu 'yan sa kai sun fara zuwa makarantar kowace Laraba, suna koya wa 'yan aji shida yadda ake tattalin kuɗi, da yadda ake fara sana'a, da irin ayyukan da mutum zai iya yi in ya girma. Shugabarsu wata budurwa ce ma'aikaciyar banki, siririya, mai tabarau da ya cinye rabin fuskarta. Ta kawo likita, yara suka yi barci. Ta kawo injiniya, har malamin ajin ya yi barci. Sai ta fito ta tsaya gaban teburin Anti.

"Anti, so muke ki zo ki yi wa yaran nan magana. Ke suka sani."

"Nawa ake biya?"

"Ba a biya, Anti. Aikin sa kai ne."

"To Allah ya ba da lada, 'yata. Matsa, kin tare mini kaya."

'Yar Tabarau ba ta matsa ba. Ta zaro wani kati mai igiya daga jaka, irin wanda ake ratayawa a wuya. An rubuta a jiki da manyan baƙi: MALAMA. Anti ta karɓa, ta juya shi, ta shafa shi da gefen zane. Shekara talatin ke nan rabon da ta taka cikin aji, kuma ranar da ta fita ba da tafi aka raka ta ba.

"Wace Laraba?" ta ce.

A hanyar gida ta yi wani lissafi. In ta zama Malama, wane yaro ne zai wuce teburin malamarsa bai saya ba? Washegari ta kwashe jarinta kaf ta sayo katan shida na biskit a wurin wani dillali da ke karyar da su, saboda saura wata biyu su lalace. Aka jibge su a ɗakin kwana, har sai an yi gefe-gefe ake kaiwa ga gado.

Mijin ya dubi katan-katan, ya dubi matarsa.

"Maman yara, wannan fa?"

"Baban yara, kai dai ka san fanka. Bar mini kasuwa."

Ranar Laraba ta sha ado kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Ta shiga aji da kati a wuya, yara arba'in suka miƙe suka ce, "Barka da zuwa, Malama!" Nan take wani abu ya hau mata kai. 'Yar Tabarau ta ba ta takardar darasi, ta ajiye ta a gefe ko kallo ba ta yi ba. Maganar riƙon kuɗi ai ba sai an rubuta mata ba, da ita ta yi wayo.

"Ku buɗe kunne," ta ce. "Kafin ka sayi abu, rufe ido ka tambayi kanka sau uku: in ban saya ba, mutuwa zan yi? In ba za ka mutu ba, mayar da kuɗinka aljihu. Na biyu, canjinka naka ne. Kada ka bar shi a hannun kowa, ko da kakarka ce. Na uku, duk wanda ya yi maka dariya da yawa a kasuwa, aljihunka yake wa."

Babu wanda ya yi barci. Yara suna rubutu har fensir na ƙara. Sai monitar ajin, wata 'yar guntuwar yarinya mai kitso biyu da idanu kamar na alƙali, ta ɗaga hannu.

"Malama, alawa buƙata ce ko kwaɗayi?"

Da a bakin tebur aka yi wannan tambaya, Anti ta san amsar da za ta bayar. Amma a gaban allo take, da alli a hannu, ga tafi yana jira.

"Alawa? Sukari ne da kala! Ni da nake sayarwa, wa ya taɓa ganin na sa ta a baki? Biskit kuwa iska ce aka gasa."

Aji ya ɗauki tafi, wasu har da buga benci. 'Yar Tabarau ta cire tabarau tana goge ido. Anti ta koma gida tana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taka ta ba.

Washegari aka kaɗa ƙararrawar hutun tara, yara suka yo waje. Anti ta gyara zama, ta jera biskit har hawa uku. 'Yan aji shida suka zo suka yi layi a gaban tebur cikin ladabi.

"Ina kwana, Malama."

"Lafiya lau, 'ya'yana. Me za a ba ku?"

Na farko ya rufe ido. Bakinsa ya motsa sau uku. Ya buɗe ido ya ce, "Ba zan mutu ba, Malama," ya wuce. Na biyu ma haka. Har na arba'in babu wanda ya ga alamar mutuwa.

Kafin mako ya ƙare cutar ta bazu. 'Yan aji shida suka koya wa ƙannensu, ƙannen suka koya wa 'yan aji ɗaya waɗanda ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Rannan wata 'yar mitsitsiya ta sayi cingam guda, Anti ta dubi sama ta ce babu canji. Yarinyar ta je ta dawo da Monita.

"Malama, kin ce ko kakarmu ce," in ji Monita.

A ranar, a gaban shaidu fiye da ashirin, aka buɗe aljihun tebur. Waɗanda suke wurin sun ce ya yi ƙara kamar ƙofar kurkuku.

Anti ta shiga neman dabara. Ta rage kuɗin biskit. Ta ce a sayi biyu a ɗauki uku. Ta koyi murmushi, abin da fuskarta ba ta saba ba, har kumatunta suka yi tsami. Yara suka taru nesa kaɗan suna kallon ta cike da sha'awa.

"Gwada mu take yi," in ji Monita. "Ku duba yadda take dariya. Kada wanda ya faɗi jarrabawa."

Duk abin da ta yi, sai su ce jarrabawa ce. Ranar da ta fusata ta daka musu tsawa ta ce, "Ku zo ku saya mana, 'yan banza!" tafi suka yi mata, wai yau ta kawo mai wuya.

A gida kuwa, da safe shayi da biskit, da rana biskit da shayi. Baƙo in ya zo, biskit. Mijin ya ci har ya fara jin ƙamshinsa a jikin fankokin mutane. Duk da haka katan biyar da rabi suna nan, kwanan watan da ke jikinsu yana matsowa. In ya cika, jari ya tafi, in jari ya tafi babu tebur.

"Ki koma ki gaya musu wasa kike yi," in ji mijin.

"Wasa? Ƙarya zan yi musu mai lasisi. Ni na ɗaure, ni zan kwance."

Ta kwana uku tana haddar sabon darasi a gaban madubi: biskit yana buɗe ƙwaƙwalwa, duk wani likita da ka gani da biskit ya girma, yawan ajiye kuɗi yana kawo ciwon ciki.

Laraba ta zo, ta shiga aji da kati a wuya. Ta buɗe baki ke nan sai Monita ta ce akwai wadda ke son nuna wa Malama abu. Wata yarinya ta taso daga bencin baya, doguwa, mai yawan sunkuyar da kai. Anti ta san ta sarai. Shekara biyu tana ganin ta da silifa ɗaya da aka ɗaure da waya, kuma shekara biyu tana karɓe mata kuɗin tara tana ba ta alawa. Yarinyar ta tsaya ta miƙo ƙafa. Takalmi ne na roba, baƙi, sabo, ya ɗan yi mata yawa.

"Da kuɗina na saya, Malama. Mako biyar ban mutu ba."

Anti ta dubi takalmin. Ta nemi darasin da ta haddace, ta tarar ya gudu. Sai ta ja kujerar malami ta zauna daɓas.

"Kun kashe ni," ta ce. "Wallahi kun kashe ni, 'ya'yan nan."

Ta kwashe komai ta faɗa musu: katan shida, da dillali, da kwanan wata, da mijin da ya kusa zama biskit. 'Yar Tabarau, maimakon ta tausaya, sai ta yi tsalle ta ɗauki alli.

"Yara, ga matsalar kasuwanci ta gaske! Wa zai ba Malama shawara?"

Hannuwa suka tashi. Wani ya ce Malama ba ta rufe ido ba kafin ta sayi katan shida. Anti ta ce in ya sake magana za ta rufe masa nasa. Wata ta ce a kai wa awaki. Monita dai tana zaune tana cizon fensir, sai can ta miƙe.

"Malama, mu kam mun riga mun lalace, ba za mu gyaru ba. Ki koma inda ba a koya musu ba."

"Ina ke nan?"

"Ofishin su babana. Manya ne, ba su san komai ba. Jiya ya sayi abin goge takalmi na uku."

Ranar Litinin mijin ya ɗora tebur a baro, da laima, da bulo, ya tura har ƙofar wani dogon gini mai ofisoshi hawa bakwai. Ƙarfe goma sai ga maza masu ɗamarar wuya suna fitowa, waya a kunne, ciki a gaba. Babu mai rufe ido. Mutum zai ɗebi biskit biyar bai tambayi kuɗinsu ba, ya ajiye takarda ya wuce yana faɗa da wani a waya. Anti ta bi su da kallo, tausayinsu ya kama ta, amma ba sosai ba. Kwana tara katan-katan suka ƙare, har ta sayo sababbi, masu dogon kwana wannan karon.

Ba a yi wata ba sai ga 'Yar Tabarau ta biyo ta wurin, ta yi murna, ta ce dama tana neman ta.

"Anti, ma'aikatan ginin nan sun ji labarinmu. Suna so a riƙa yi musu darasin tattalin kuɗi ranar Asabar. Na ce ai ga gwana a ƙofarsu."

Anti ta miƙe tsaye a hankali, ta kama hannun budurwar, ta ja ta bayan laima.

"'Yata, ina ganin mutuncinki. Waɗannan bayin Allah sun girma, a bar su yadda aka gan su. Yara dai zan ci gaba da koya wa, don abin ya shiga raina, kuma kin ga ana samun takalmi a ciki. Amma ki nemo mini makaranta can ƙarshen gari, inda sai an hau mota biyu."

"Akwai ɗaya, Anti, amma wata mata tana da tebur a ƙofar."

"Na san ta," in ji Anti. "Ita ta haɗa ni da dillalin nan. Sa ni ranar Laraba."