Sau Ɗaya Ake Karanta Takardar

Ƙarfe bakwai na safe 'yarmu Auta ta fito da kwamfuta a hammata, ta zauna a teburin cin abinci, ƙafa ɗaya a kan kujera. Shekararta ashirin da shida. Aikinta rubuta manhaja, a ɓangaren da ta ce shi ne zuciyar na'ura, ana kiransa kenel.

Ƙarfe takwas uwarta ta ce, "Shayinki ya huce, sarauniyar allo."

"Mama, na kusa kama ɓarawon."

Ƙarfe tara na tambaye ta wane ɓarawo. Ni mai haɗa magunguna ne, shekara talatin a bayan tagar ba da magani, sai ta yi mini misali da taga.

"Baba, mutum ya nuna maka takardar likita, ƙwaya goma. Ka juya ka ɗauko kwalba mai cin goma, takardar tana hannunsa. Ka dawo ka sake dubawa, ya mai da ita ɗari. Ɗari za ka ɗura a kwalbar goma?"

"Ai ni tun farko nake kwafewa a littafina."

"To ka fi injiniyoyinmu hankali."

Ta ce haka kenel yake. Abin da manhaja ta miƙo masa daga waje, a kwafe shi sau ɗaya zuwa ma'adanar ciki, a can za a auna tsawonsa, kada a sake leƙa na waje. A wani wuri an leƙa sau biyu. Gyaran take rubutawa, saura gwaji ta aika wa masu kula da kenel ɗin.

Sha ɗaya ta rufe kwamfutar ta fita sayen caja. Sha biyu da kwata wata motar kaya ta ƙwace a mahaɗar titi, ta bi ta kanta. Ƙarfe ɗaya aka kira ni. Ni na sa hannu a takardar karɓar gawa a asibiti. Na karanta sunanta sau biyu, bai canza ba.

Bayan mako uku abokin aikinta ya zo, wanda take kira Dogo. Ya zauna a bakin kujera ya ce kwamfutar ta kamfani ce, gobe za su karɓa su goge, kuma gyaran babu shi ko'ina sai a cikinta.

"Baba, in bai fita yau ba, aikinta ya tafi."

Uwarta ce ta san kalmar sirrin buɗe kwamfutar. Ta faɗa daga ƙofar kicin, ba ta shigo ba. Dogo ya yi gwajin a kan teburin nan, awa biyu, ina zaune ina kallon bayansa. Ya aika da sunanta a sama. Layi goma sha uku ne. Bayan kwana tara ya kira ya ce an karɓa.

Kwamfutar ta koma kamfani. Tufafinta 'yan'uwan uwarta suka raba, takalman ba su yi wa kowa ba, suna cikin kwali. Littattafan Dogo ya kwasa. Cajar da aka tsinta a titi tana cikin ledarta a durowata. Layukan goma sha uku Dogo ya buga mini a takarda, na sa su cikin littafina na bakin taga. Ban iya karanta su ba.