Geron Batula

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fita daga Kebbe zuwa Tambuwal ya san gidan Jumare, ko da bai san sunan mai gidan ba. Shi ne gidan da ke da tsamiya a ƙofa da turken shanu a gefe. Jumare manomi ne ɗan manomi, yana da 'yan shanun da ya gada, yana noma gero da dawa da wake. Bai taɓa riƙe sarauta ba, ba a taɓa jin sa a rigimar iyakar gona ba. Tafiya mafi nisa da ya yi a rayuwarsa ita ce Sakkwato, ita ma rakiyar mara lafiya ce ta kai shi.

Matarsa Batula 'yar Sanyinna ce, kuma da haka yake kiranta: 'yar Sanyinna. Ranar da aka kawo ta amarya, a cikin kayanta akwai wata ƙaramar ƙwarya ɗaure da tsumma. Irin gero ne uwarta ta ba ta, mai gajeriyar zangarniya, fari tas, wanda in aka dama furarsa tun daga zaure ake jin ƙamshi. Jumare ya yanka mata gayauna a bayan gida, wato 'yar gonarta ta kanta. Kowace damina shi ne a gaba da sungumi yana sara ƙasa, ita tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. In kaka ta yi, sai ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta ɗaure su, ta rataye a rufin ɗakin girki daidai saman murhu. A can Sanyinna mutane suka koma wa sabon iri mai saurin nuna, tsohon ya ɓace har a gidan iyayenta. Ya zamana babu inda geron nan ya rage sai a hannunta. 'Yan unguwa suka daina neman sunansa na asali, suka ce geron Batula.

Abu ɗaya ta taɓa roƙon mijinta wanda bai yi mata ba. Jumare yana da taubashi, Ɗan'iya, wanda a ƙuruciyarsa yake fataucin albasa har Kwatano ta ƙasar Benin. In ya dawo sai ya zauna a zaure ya yi ta labarin teku, ruwan da ba a hangen ƙarshensa, mai tasowa ya koma da kansa ba iska ba hadari. Batula tana bayan danga tana ji. Wata rana ta kawo wa Jumare abinci ta ce, "Malam, wai da gaske ruwa har ba a ganin ƙetare? Ni dai ka kai ni in gani da idona, ko Ɗan'iya ƙarya shi ka yi."

Ya yi dariya ya ce, "Bayan girbi, 'yar Sanyinna."

Bayan girbi aka yi bikin ƙanensa. Wata shekara saniya ta kwanta, wata shekara rumbu ya rushe. Maganar ta zama wasan gidan. Duk ranar da aka kai damin ƙarshe rumbu sai ta tsaya a tsakar gida ta ce, "To, an yi girbi." Shi kuma ya ce bai faɗi na wace shekara ba. 'Ya'yansu biyu, Bilyaminu da ƙanwarsa Hamdiya, da wannan wasan suka tashi.

A farkon daminar bara, kafin a yi shuka, zazzaɓi ya kama Batula. Bai daɗe da ita ba. Da aka watse daga zaman makoki, Jumare ya sayo kwaɗo ya kulle ɗakin girkinta, tukwanenta da faifanta da muciyarta duk suna inda ta bar su. Ba ya son ganin hannun kowa a kansu. Hamdiya, da take aure a unguwar, ita ke aiko masa abinci. Gonarsa ya nome kamar kullum, amma gayaunar bai iya taka ta ba. Ciyawa ta cinye ta a shekarar.

Bana da bazara, yana kwance shanu da safe, sai ƙasa ta juya masa. Aka goya shi a babur, mutum a gaba mutum a baya, aka bi ramukan hanya har asibiti a Tambuwal. Likita ya ce hawan jini ne, zuciya kuma ta gaji, kada ya kuskura ya ɗaga sungumi ko hauya a daminar nan.

Bilyaminu ya taso daga Abuja inda yake aiki. Shi ne ɗan fari, don haka uban ba ya kama sunansa, Ɗangiwa yake ce masa. Ya tarar da uban zaune a gindin tsamiya tare da Ɗan'iya, ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya zauna a gefen tabarma ya ciro waya.

"Baba, na san halinka," in ji shi. "In kana garin ga ruwa yas sauka, babu likitan da ka hana ka gona. Na ɗauki masu noma, su yi komi. Kai kuma ka fita ƙasar waje ka huta har damina ta yi nisa. Zaɓa za ka yi."

"In fita ce, ba sai Umra ba?"

"Likita ya ce ba bana ba, zafi da cunkoso sun yi yawa. Wurin da za ka zauna kawai ni ka so."

"Ni da wa?"

"Kai kaɗai, Baba. Aiki ba shi bari na. Amma duk inda kaz zaɓa akwai mai tarbarka."

Ya fara nuna masa hotuna. Ga Dubai, gidaje sun tafi sama kamar ba za su tsaya ba. Ɗan'iya ya leƙo ya fashe da dariya. "Wanga? Wanda in ya hau rumbu sai an riƙe mai tsani? Ɗangiwa, kashe muna shi za ka yi."

"Kai dai ka yi shiru, ɓarawon albasa," in ji Jumare, idonsa na kan wayar.

Ga Turkiyya, duwatsu kore shar, an ce akwai sanyi mai daɗi. Jumare ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Wagga ciyawa duka, ina shanunsu?" Ga Masar da masallatanta da koginta. Ya tambaya me suke shukawa a bakin kogin, Bilyaminu ya ce bai sani ba.

"To shi hutun, mi mutum ka yi cikinai? Shi zauna tun safe shina kallon mi?" in ji Jumare.

Bilyaminu ya goga yatsa, wani hoto ya fito. Rairayi ne fari, da kujera guda ɗaya babu kowa a kanta, sai ruwa shuɗi da ya tafi har ya haɗe da sama. Jumare ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya matso da ita kusa da ido, ya nesanta, yana neman ƙetare bai samu ba.

"Shi na," in ji Ɗan'iya, wannan karon babu dariya. "Haka na Kwatano yake. Batula ta ce ƙarya ni ka yi."

Can Jumare ya miƙa wayar ya ce a bar shi ya yi tunani. Bilyaminu ya koma bakin aiki, ya ce yana jiran amsa kafin ruwa ya zauna.

Kwanakin da suka biyo baya, Jumare ya yi ta juya ƙasashen nan a ransa yana zaune a inuwa, abin da bai saba ba. Dubai ta fita tun ranar farko. Turkiyya ta burge shi, amma da wa zai gaisa, da wane baki zai tambayi alƙibla? Kullum zuciyarsa Kwatano take komawa. Ɗan'iya ya ce akwai zangon Hausawa, ɗan tsohon mai masaukinsa yana nan, akwai tuwo akwai masallaci, teku kuma tafiyar ƙafa ce. Jumare ya fara ganin kansa a bakin ruwan shi kaɗai, hularsa a hannu, yana kallo a madadin mai son gani. Har ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta sallah.

Sai ruwan farko ya sauka, da la'asar. Da ya ɗauke, ƙasa ta tashi da ƙamshinta, gari ya cika da hayaniyar masu gyaran sungumi. Jumare ya zaga bayan gida don ya ga ko danga ta faɗi, ya tsinci kansa a bakin gayauna. Busasshiyar ciyawar bara ta kwanta a jiƙe. A nan ya tuna abin da Batula take faɗa duk shekara in tana sauko da iri, cewa geronta ba ya jure damina biyu a rataye, in ya tsallake ɗaya to ta biyu dole ya shiga ƙasa. Ɗaya ta riga ta wuce. In ya tafi Kwatano, wa zai shuka shi? Hamdiya tana jego. 'Yan ƙwadago kuwa gero duk gero ne a wurinsu, za su haɗa shi da nasu a ƙwarya ɗaya.

Da safe ya ce wa Ɗan'iya, "Ba ni zuwa."

"Ka gaya ma yaron?"

"Sai na shuka. In nig gaya mai yanzu, gobe shina nan da mota."

Ya ɗauko mabuɗi. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da suka ɗiga masa man gyaɗa. Ɗakin ya buɗe da sanyi da yanar gizo, amma warin hayaƙinta yana nan a bango. Damin irin yana rataye inda ta bar shi, baƙin kunkunniya ya rufe igiyar. Ɗan'iya ya hau turmi ya kwance shi. Tun kafin ya miƙo, Jumare ya ga gari yana zubowa ta cikin hasken ƙofa.

Ya karɓa, ya ji babu nauyi. Ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ta watse, ƙwari suka bazu a yatsunsa. Ya murza ta biyu, haka.

Kowane manomi ya san abin da ya sa mata ke rataye iri a saman murhu, hayaƙin yau da gobe shi ke korar ƙwari. Jumare ma ya sani tun yana yaro. Amma ranar da ya sa kwaɗon nan, abin da ke ransa kawai kada a taɓa mata kaya. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ranar da wutar ta mutu irin ya rasa mai tsaronsa ba. Ya zauna a kan dutsen murhu da damin a cinya.

"Ni na kulle," ya ce. "Da hannuna."

Ɗan'iya, wanda bai taɓa rasa abin tsokanarsa da shi ba, ya dafa kafaɗarsa. Ya sauko da faifan Batula daga bango, ya kaɗe shi, ya ajiye a gabansa. "Murza dai duka. Ba mu sani ba."

Suka zauna a ƙofar ɗakin, dattawa biyu da ba su taɓa riƙe faifai ba, suna murzawa suna hurawa, garin yana komawa fuskarsu. Suka bi abin da ya rage ƙwaya ƙwaya, mai huda a gefe, mai lafiya a gefe. Rana ta take kafin su gama. Abin da suka tsira da shi bai cika ludayi ba.

Suka share wani ɗan gefe na gayaunar, kusa da danga. Jumare ya kai hannu ga sungumi, Ɗan'iya ya riga shi.

"Saki. Likita ya hana. In kaf faɗi nan, mi ni ka ce ma Ɗangiwa?"

"Kai ka iya sara? Rabonka da gona tun kana da haƙora."

"Bi ni dai, amarya."

Haka aka yi. Ɗan'iya yana gaba yana sara, layinsa a karkace, Jumare yana biye da ludayi, yana zuba iri yana rufewa da diddige. Sai a ranar ya gane cewa mai bin baya ba ya ganin komai sai ƙasa da bayan wanda ke gaba. Shekarun nan duka, abin da Batula take gani ke nan. Ya ci gaba da zubawa har irin ya ƙare, layukan ba su kai tsakiyar wurin da suka share ba.

Ruwa ya sake sauka. Kullum da safe Jumare yakan ɗauki 'yar kujerar Batula ya zauna a bakin danga yana korar kaji da awaki. Yawancin ramukan ba su ce komai ba. Amma nan da can, tsiro ya huda ƙasa, siriri kamar allura, ɗaya a nan, biyu a can, da tazara mai yawa a tsakani. In Allah ya raya su, za a sami na ratayewa, ba za a sami na fura ba. Ya aika wa Hamdiya cewa in ta gama jego ta riƙa zuwa tana hura wuta a ɗakin uwarta, ya cire kwaɗon.

Yana nan zaune wayar da ke aljihunsa ta yi ƙara. Bilyaminu ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ruwa ya zauna, ba ka ce komi ba. Ka zaɓa?"

"Na zaɓa, Ɗangiwa. Kwatano. Ba ni son dogayen gidaje. Ruwan nan ni ka son gani."

"Alhamdu lillahi! To in sa a shirya, sati mai zuwa ka tashi?"

Jumare ya dubi tsiron. Akwai noman fari a gaba, akwai tsuntsaye in ya fitar da kai, akwai zaɓen zangarniya wanda babu mai yi sai wanda ya ga yadda Batula take yi.

"A'a, ba yanzu ba," ya ce. "Bayan girbi."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. A can ɗaya gefen Bilyaminu ya yi shiru, shirun wanda ya san maganar tun yana rarrafe. Jumare ya riƙe wayar a kunne. Wata akuya ta turo kai ta ƙasan danga, ya miƙa sandarsa a hankali ya kore ta.