Numfashin Joel

Ranar da na je garin Bowie, a nan Amurka, yi wa Atine barka, ɗanta Joel ya sami aiki, yajin tsire ya sarƙe ni a falonta. Tari biyu kawai na yi. Kafin in ce ruwa, ta ɗage mini riga, ta manna abin awon ƙirji, tumbina a waje gaban matan cocinsu.

Atine nas ce, 'yar Barkin Ladi, kuma ba a tari a gabanta a wuce lafiya. Babanta leburan kuza ne a kamfanin Turawa. Tana ƙarama take jin tarinsa ta bayan bango, har ranar da bangon ya yi shiru.

Joel ya gama injiniya ya zauna gida babu aiki, sai wankin motar uwarsa. Sai wani kamfani a jihar Utah ya faɗaɗa masana'anta, irin wadda ake farfasa dutse a gasa shi har ya yi gumin mai, ya shiga ɗiban ma'aikata. Kowa ya yi murna. Ita kuwa ƙura kawai ta ji a zancen. Ba ta hana shi ba. Ta dai zaunar da shi, ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, don ta riƙe yadda yake kafin ya tafi.

Tun daga nan, duk Lahadi sai ta kira shi ta ce ya rera mata waƙar coci. Shi ya ɗauka kewa ce. Ita numfashinsa take bi. Akwai wani dogon baiti da yake kaiwa ƙarshensa da numfashi ɗaya tun yana yaro.

Lahadin da ta wuce ya yanke a tsakiya, ya ja iska, sannan ya ƙarasa. Ya kuma ba ta albishir an ƙara masa girma, an mayar da shi ɓangaren injin niƙa. Da ta ba ni labari, tana kan waya tana neman jirgin Utah.

Na ce, "Haba Maman Joel, ƙila mura ce. Nan fa Amurka ce, Turawa sun san abin da suke yi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Baban Rumasa'u, shi babana kakarka ce ta ɗauke shi aiki?"