Bokitin Ragowar Abinci Na Ranar Talata

Wata rana ina zaune a wurin aiki, wajen sha biyun rana, sai gabana ya yanke ya faɗi.

Na tuna da shinkafar.

A layinmu a Kano mun gaji da toshewar kwata da warin bola, sai muka yi shawara kowane gida ya ajiye bokiti na ragowar abinci kaɗai. Akwai wata dattijuwa mai baro da ke zagayowa kullum da hantsi ta kwashe, ta shanya, ta kai wa masu kiwon awaki da kaji.

Ni kuwa ɓeraye sun addabe ni. Na zuba maganin ɓera a ragowar shinkafa, na ajiye bayan firji.

Da safe ina sauri, na tattara kwanuka na juye komai a bokiti. Har da shinkafar mai maganin.

Na kira maƙwabciyata. Ta ce ai tsohuwar ta kwashe tun ƙarfe goma.

Ina gidanta? Ba ta sani ba. Lambar waya? Babu. Sunanta fa? Shi ma ba ta sani ba.

Shekara biyu matar nan tana tsayawa a ƙofar gidana, ni sarauniyar tsafta, ko sunanta ban taɓa tambaya ba. "Mai ƙanzo" kawai muke ce mata.

Na tare adaidaita. Tambayi mai shago, tambayi mai kayan miya, kowa sai ya nuna gaba. A raina awakin mutane nake gani a kwance, kumfa a baki. Wallahi tsoro ya kama ni.

Ƙarfe ɗaya da kwata na same ta a wani fili bayan kasuwa, tana baza tuwo a kan buhuna.

Na ce, "Baba, don Allah kada a ba dabbobi na yau! Akwai maganin ɓera a ciki!"

Ta ɗago. "Wane gida ne, 'yata?"

"Mai jar ƙofa."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ai na gidanki ba na ba dabbobi. Naki mai tsafta ne. Jikokina nake ware wa."

Ta nuna wani ɗan kwano a gefen baron, an ɗaure shi da tsohon ɗankwali.

Ba a buɗe ba tukuna.

Ƙarfe ɗaya da rabi yaran ke tasowa daga makaranta.

Na zauna a ƙasa ina kuka. Ita ce ma take ba ni haƙuri. Tare muka haƙa rami muka binne shinkafar. Muna rufe ramin sai ga yara uku da jakunkunansu, ƙaramar tana cewa, "Iya, me kika kawo mana?"

Sunanta Iya Tasalla. Yanzu lambar ɗanta tana wayata, kuma nasu kwanon daga tukunya nake zubawa.

Darasi: Bokitin abinci na abinci ne kawai. Ban da magani, ban da reza, ban da fasasshiyar kwalba. Kuma ku tambayi sunan wanda ke kwashe muku shara, ku san gidansa.

Ku tura wa matan layinku yau, kafin mai baro ta iso gobe.