Maganin Mangwaro a Gonar Iorhemba

Iorhemba ya rasu ranar wata Talata a watan Yunin bara, yana da shekara arba'in da bakwai. Waɗanda suka zo jana'izarsa a ƙauyensu da ke bayan Shabu sun yi ta faɗin alherinsa, kuma ba ƙarya suka faɗa ba. Ni ma aka ce in tashi in yi magana tunda ni ne amininsa. Na tashi, na ce Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, na koma na zauna. Mutane suka ɗauka kuka ne ya ci ƙarfina. Kunya ce ta rufe mini baki. Akwai abin da na sani game da ciwonsa wanda na ɓoye wa likita, na ɓoye wa matarsa.

Sunana Mahmuda. Ina da shagon iri da magungunan feshi a kasuwar Lafiya. A shagon muka haɗu, shekara goma sha shida da suka wuce. Ya shigo da buhu a kafaɗa yana tambaya ko zan bar shi ya tsince ledojin fiya-wata da ke zube a ƙofata. Na ɗauka ba shi da lafiyar kai. Ashe da su yake ɗaure auren mangwaro. Yakan yanko reshen bishiya mai daɗi, ya tsaga ɗan mangwaron daji, ya haɗa su, ya naɗe da tsirin leda. Cikin goma da wuya ɗaya ya ƙi kamawa. Aji uku ya yi a firamare ya bari, amma ɗaliban aikin gona na jami'ar da ke Shabu sukan zo lambunsa su tsaya da littafi a hannu suna kallon yatsunsa.

Bayan mako biyu ya dawo mini da kwandon mangwaro. Kafin ya miƙa mini sai ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Na ce, "Kai da ka kawo kyauta kai za ka fara ci?"

Ya ce, "Haka babana ya koya mini. Abin da bai shiga bakina ba, ba zan ba mutum ba."

Kuma haka ya rayu. Lemo, doya, gari, man ja, ko me zai sayar sai ya ɗanɗana a gaban mai saye.

Shi yana kirana Malam Kemikal, ni ina kiransa Sarkin Mangwaro. Da Kirsimeti yakan sayi akuya ya zo ya ɗauke ni a babur in yanka masa, don kada in ce ba zan ci ba. Matarsa Mwuese ta kirɓa sakwara da miyar riɗi, ta ajiye a gabana ta ce, "Baban Zuwaira, in ka bar ko loma ɗaya ba za ka fita gidan nan ba." Ni kuma in ce, "Matarmu, ai ke kika san darajar miji, wancan bai san komai ba sai bishiya." Da Sallah cinyar rago tasu ce. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, kwana uku yana zaune a kan tabarma tare da mu, bai iya addu'armu ba, amma duk aka shafa sai ya shafa.

Lambun nasa ba ƙasarsa ba ce, aro ce daga wani dattijo. Da dattijon ya rasu, gari kuma ya riga ya miƙo ta wajen Azuba, sai 'ya'yansa suka yanka wurin fuloti-fuloti. Ina tsaye kusa da Iorhemba ranar da katafila ta shiga. Bishiyoyin da ya aurar da hannunsa, waɗanda ya san ɗanɗanon kowace ɗaya, kafin la'asar duk suna kwance. Ya tsinci wani reshe ya duba inda ya ɗaure shi shekarun baya, ya jefar.

Abin da ya rage masa wata gonar rogo ce can bayan rafi. A wannan shekarar wani mutum mai suna Oliver, wanda a da yake sayen mangwaronsa da mota, ya kawo masa iri a ƙullin leda. Wiwi ce.

Wata rana bayan azahar ya zo ya faɗa mini, da babu kowa a shagon. Na yi masa faɗa, amma faɗan da bai wuce baki ba. Ya ce abin ya riga ya fito, matsalarsa ɗaya ce: tsirin yana tsawo ya fi rogon, wanda ya biyo hanyar rafi zai hango shi.

A nan ne nawa laifin ya fara. Bai tambaye ni magani ba, ni na kawo shawarar. Akwai wani magani da muke sayar wa masu mangwaro, ana zuba shi a gindin bishiya ya hana ta yin tsawo, ya sa ta huda da yawa. Na ce, "Abin da ya tsayar da mangwaro ai zai tsayar da wannan." Har daɗi na ji da na yi wannan dabara.

Ya juya kwalbar a hannunsa. Rubutun jikinta Turanci ne, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya miƙo mini ya ce, "Malam Kemikal, karanta mini. Kai ne ɗan boko."

Na karanta masa yadda ake haɗawa da ruwa. A ƙasa akwai wani rubutu cikin jan layi. Na gan shi, kuma na fahimce shi. Cewa ya yi na bishiya ne, a zuba a ƙasa, a sa safar hannu, a rufe hanci da baki, kada a yi amfani da shi a kan wani amfanin gona da ba a ambata ba.

Ya ce, "Wannan jan fa, me ya ce?"

Na ce, "Surutun Bature ne. Ka san su da tsoro."

Ya yi dariya ya jefa kwalbar a buhu.

Maganin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Tsirin ya tsaya a ƙarƙashin rogo, ko ka tsaya a bakin gonar ba za ka gan shi ba. Kawunan suka dunƙule suka yi tauri da nauyi. Oliver ya ji daɗi. Iorhemba kuwa, da ya ga haka, sai ya bar zubawa a ƙasa ya koma fesawa a kan ganyen, yana ƙara yawan maganin duk shekara. Na taɓa zuwa gonar na gan shi yana juya ruwan bokiti da hannunsa har gwiwa. Bakin famfon feshin ya toshe, ya cire shi ya sa a baki ya hura, kamar yadda manoma da yawa suke yi a nan. Na ce, "Kai, ka daina wannan." Sau ɗaya na faɗa, da murmushi kuma.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne dokar babansa. Mutumin da ko taba sigari bai taɓa sha ba, sai ga shi duk girbi yana naɗa ganyen yana kunnawa. Na ce masa, "Sarkin Mangwaro, da girmanka?"

Ya ce, "To yaya zan yi? 'Ya'yan mutane ne za su sha. In yana da wahala gara ni in fara ji." Ya yi tari ya ƙara da cewa, "Yana kartar maƙogwaro sosai. Ba ya ma ƙamshi. Amma Oliver ya ce haka suke so."

Damina uku aka yi haka. A ta huɗu tari ya kama shi bai sake shi ba. Ya daina cin sakwara, shi da yake tashi da malmala uku. Idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka cika. Mwuese ta yi ta dafa masa saiwoyin shawara, ba su yi ba. Ni da ita muka kai shi asibiti a cikin gari.

Kafin likita ya iso, ta fita ɗebo ruwa. Ya kamo hannuna. Hannun nan da na sani da ƙarfi ya zama kamar na tsoho. Ya ce, "Mahmuda." Da wuya ya kira ni da sunana. "Kada ka faɗa. Matata ba ta sani ba. 'Yan cocinmu za su zo gaishe ni. Ka rufa mini asiri."

Na ce masa kada ya damu.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya danna cikin, ya duba idanun, ya ce hanta ce. Ya tambaya ko yana shan giya da yawa, Mwuese ta ce sai da biki. Ya tambaya me yake nomawa, ta ce rogo. Sai ta nuna ni ta ce, "Ga amininsa nan, a wurinsa yake sayen maganin gona."

Likitan ya juyo ya ce, "Yauwa, Malam. Waɗanne magunguna yake taɓawa? Ka faɗa mini duka, zai taimake ni."

Na ce, "Na ciyawa ne kawai, irin na kowa."

Kwana goma sha ɗaya ya yi a gadon nan. Kullum da hantsi ina zuwa da kunun gyaɗa, ya kurɓi kaɗan don kada raina ya ɓaci. Kullum likitan yana wucewa ta gabana. Na riƙa gaya wa kaina alkawari nake riƙewa. Amma na san in na buɗe baki tambaya ta gaba ita ce wa ya ba shi maganin, kuma wa ya karanta masa takardar. Ina da shago, ina da sahun gaba a masallacin kasuwa. A rana ta tara na saka kwalbar maganin a aljihu na zo har ƙofar ofishin likitan. Wata ma'aikaciya da ta san ni ta ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce lafiya lau, na juya.

Ranar Talatar da ya cika ina wurin. Ya ce in gyara masa matashi, na gyara. Bai ƙara cewa komai ba.

Mako uku bayan jana'iza na hau babur na tafi gidan. Na tarar da Mwuese a ƙarƙashin rumfa tana feren rogo. Ta kawo mini kujera, na ƙi, na durƙusa a ƙasa. Na faɗa mata komai, tun daga ƙullin irin Oliver har jan rubutun da na tsallake. Ba ta daina feren ba sai da na kai ƙarshe.

Ta ce, "Wiwi ɗin na sani."

Na ɗago kai.

"Mutum zai kwana da kai shekara ashirin ka kasa jin warin rigarsa? Daga baya ma ni nake tsince ganyen in ya tafi kasuwa, in shanya a ɗakin baya, saboda na ga ya gaji. Ya ɗauka aljanu ne suke taya shi? Ya sani na sani. Kunya ce ta hana mu magana." Ta ajiye wuƙar. "Amma maganin ban sani ba. Ni nake wanke famfon. Ni nake wanke kayansa."

Sai ta yi tari, ta juya kai ta tofar. Irin tarin mijinta ne. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun kafin Ista.

Ta dube ni ta ce, "Baban Zuwaira, da likita ya tambaye ka, don shi ka yi shiru ko don kanka?"

Na ce, "Don kaina."

Ta tashi ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta ɗaura zanen fita. Ba ta ce mini mu tafi ba, ta dai tsaya kusa da babur ɗin.

Likitan nan muka samu. Ɗakin cike yake, ma'aikaciyar da ta san ni ma tana ciki tana rubutu. Na ajiye kwalbar a kan teburinsa na faɗi abin da aka yi da ita. Ya karanta takardar har jan layin. Ya ce ba zai iya rantsewa wannan ne ya kashe Iorhemba ba, abubuwa da yawa suna cin hanta. Ya ce amma abu ne da aka yi don bishiya, ba don fatar mutum ko bakinsa ba, balle a ƙona shi a zuƙi hayaƙin, kuma shi kansa bai san iyakar abin da hakan ke yi wa jiki ba. Na tambaye shi ko da na faɗa da wuri da ya rayu. Ya ce, "Ban sani ba, Malam. Da dai na san inda zan duba."

Ya ɗauki biro ya ce, "Wa ya ba shi wannan?"

Na ce, "Ni ne. Ni na ba shi, ni na karanta masa."

Ma'aikaciyar ta daina rubutu. Likitan ya rubuta sunana da lambar shagona, sannan ya sa aka ɗebi jinin Mwuese aka ɗauki hoton ƙirjinta. Sakamakon ya nuna hantarta ta taɓu, amma ba ta yi nisa ba. Tana shan magani, duk wata tana komawa a duba ta, kuma tarin ya ragu. Ni nake kai ta. A hanya ba ma hira sosai. Watan jiya da muka tsaya a mahaɗar Shabu ta tambaye ni su waye suka sha abin da Oliver ya kwasa damina uku, kuma wa zai kai su asibiti. Muka jira tirela ta wuce, muka ci gaba.